Greggs: Asalin Sana'ar da Makomar Jarinta

Duk wanda ya yi nufin zuba dukiyarsa cikin kamfanin Greggs na Ingila, wajibi ne ya fara sanin asalinsa, gama mu da muka daɗe cikin sana'ar gashin burodi a arewacin ƙasar mun shaida cewa abin da aka kafa shi a kai dabam, abin da ya ɗaukaka shi kuma dabam. John Gregg ya soma a Newcastle cikin 1939, yana yawo bisa keke yana kai wa gidaje ƙwai da yis, bai buɗe kanti ba sai 1951 a unguwar Gosforth. Da ya rasu cikin 1964 ɗansa Ian ya gaje shi, ya yi ta sayen gidajen burodi a Glasgow da Leeds da Manchester, har cikin 1984 aka shigar da kamfanin kasuwar hannun jari ta Landan.

Sa'ad da manyan kantuna irin su Tesco suka shiga gasa burodi cikin harabarsu suna sayarwa da arha, sai gidajen burodi na gado suka yi ta rufewa, alhali da yawa cikin masu su gwanaye ne waɗanda har yau nake jimamin rashinsu. Greggs kuwa, musamman bayan Roger Whiteside ya karɓi ragama cikin 2013, sai ya haƙura da uwargida mai neman burodin iyali, ya fuskanci ma'aikacin da ke tsaye a layi tun asuba cikin rigar aiki, yana son kofi da abin da zai ci a tafe. Daga masana'antun kamfanin kayan ke zuwa a daskare, a riƙa gasa su kaɗan-kaɗan a kanti, sa'an nan a jera su cikin gilashi su huce da kansu. Hikimar ita ce doka ta ɗora harajin kashi 20 bisa ɗari kan abincin da aka riƙe da zafi, kuma da gwamnati ta nemi faɗaɗa wannan haraji cikin 2012, jama'a suka yi ca, ala tilas ta sassauta.

Annobar 2020 ta jawo wa Greggs hasara ta farko tun shigarsa kasuwar jari, amma ya farfaɗo, har cikin 2024, a ƙarƙashin Roisin Currie, ciniki ya haura fam biliyan 2, kantuna suka wuce 2,600.

A ganina, haƙiƙanin ƙarfinsa arha ce, ita ce kuma wurin rauninsa, domin tun da albashi da harajin da ake biya kan ma'aikata suka ƙaru cikin Afrilun 2025, ko dai ya ƙara farashi ya ɓata wa talaka rai, ko ya bar riba ta ragu, kuma darajar hannun jarinsa ta faɗi ainun a shekarar. Mai basira zai sa ido kan cinikin tsofaffin kantuna, ya ga ko sababbin da ake ta buɗewa, da niyyar wuce 3,000, suna kawo baƙin masu saye ne ko suna raba na da ne kawai. Musulmi kuma yana da wata mas'ala kafin wannan, tun da naman alade na cikin manyan hajojin kamfanin, saboda haka lalle ya nemi fatawar malamai kafin ya sayi ko hannu ɗaya.