Horar da kare ya amsa kira: Abin da ya kamata mai kare ya sani

A Vom, cikin Ƙaramar Hukumar Jos ta Kudu a Jihar Filato, akwai Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa wadda ta kafu a garin tun 1924. A nan ake sarrafa allurar rigakafin cutar haukan kare, kuma nan ake kai kawunan karnukan da ake zargi domin a gwada ƙwaƙwalwarsu. Sai dai allura ba ta kai ga karen da ba ya kamuwa. A ƙauyukan Filato da ma sauran Arewa, yawancin karnukan gadi da na farauta a sake suke yawo, kuma abin da ke riƙe da su kaɗai shi ne muryar mai su. Wannan ya sa koya wa kare amsa kira ya shafi lafiyar jama'a kai tsaye.

Girman matsalar

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare tana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, akasari a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samun ta, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Masana sun yi ittifaƙi cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura, yaɗuwar cutar za ta katse. Karen da ke gudu da zarar an miƙa masa hannu yakan tsallake wannan lissafi a ranar rigakafi. Shi ne kuma ke bin awakin maƙwabta, ya kashe kaji, ya tsorata 'yan makaranta, har a kai ga rigima.

Ilimin da ba baƙo ba

Mafarautan ƙasar Hausa sun daɗe suna sarrafa karnukansu a daji da fito da kiran suna. Malaman fiƙihu ma, a bayaninsu kan aya ta 4 ta Suratul Ma'ida, sun siffanta horarren kare da wanda yake tafiya idan an aike shi, yake kuma tsayawa idan an tsawata masa. Masu horar da karnuka na zamani abu ɗaya suka ƙara jaddadawa: dabba tana maimaita duk halin da ya jawo mata lada.

Matakan horo

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ana iya farawa da kwikwiyo ɗan wata biyu, ko da yake babban kare ma yana koyo idan an yi haƙuri da shi.

Da farko a zaɓi kalma ɗaya, kamar "zo", ko fito iri ɗaya, kowa a gidan ya riƙa amfani da ita. A fara a tsakar gida inda babu abin ɗauke hankali. A ambaci sunansa, a faɗi kalmar sau ɗaya, da zarar ya iso a ba shi ɗan guntun nama ko busasshen kifi tare da yabo. A riƙa kama abin wuyansa a hankali kafin a ba shi ladan, domin ya saba da hannu. Wannan sabo shi ke sauƙaƙa aikin likitan dabbobi daga baya. Minti biyar sau biyu ko uku a rana ya fi awa guda a tare.

Mataki na biyu shi ne fita fili da doguwar igiya mai tsawon mita biyar zuwa goma. Amfanin igiyar shi ne hana shi tserewa, don haka kada a fizge ta. A ƙara wahala sannu a hankali: nesa da kaji, sannan kusa da su, sannan kusa da awaki da shanu. Idan ya kasa, a koma matakin baya. Ba a kwance igiya sai ya zama yana dawowa kusan duk lokacin da aka kira shi, kuma a fara a wuri mai shinge.

Kurakuran da ke ɓata horo

Mafi muni shi ne a kira kare, ya zo a makare, a doke shi. Abin da zai fahimta shi ne dawowa ce ta jawo masa duka. Haka nan idan ba a kiransa sai za a ɗaure shi, zai daina zuwa. Shi ya sa ake kiransa, a ba shi lada, a sake shi ya ci gaba da wasa. Bin sa da gudu ma kuskure ne, domin wasa zai ɗauka ake yi. Gara mutum ya juya ya nufi wani wajen, sau da yawa karen zai biyo shi.

Iyakar horo

Komai ladabin kare, ba a sakinsa a bakin titi, ko kasuwa, ko harabar makaranta. Horo kuma ba ya maye gurbin allura, wadda ake yi wa kare yana ɗan wata uku, a riƙa sabuntawa bisa shawarar likitan dabbobi. Idan karen da ya saba amsa kira ya sauya hali farat ɗaya, yana dalalar da miyau ko yana cizon abin da ya tarar, a killace shi a sanar da jami'an lafiyar dabbobi. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, ya garzaya asibiti a ranar, domin idan alamun cutar suka bayyana da wuya a tsira.

Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da cutar haukan kare ta duniya, kuma ƙasashe sun sa 2030 a matsayin shekarar da ake fatan kawo ƙarshen mutuwar mutane ta wannan hanya. Rabon mai kare a wannan aiki shi ne ya kai karensa allura, ya kuma koya masa zuwa idan an kira shi.