Iyaye da Makarantar Firamare a Zangon Agege: Waiwayen Tarihi

Zaman Hausawa a Agege ya kafu ne a kan cinikin goro, musamman bayan da hanyar jirgin ƙasa daga Ikko ta isa Kano. Fataken da suka yada zango a can sun zo da malamansu, don haka makarantar allo ta riga ta boko shiga unguwa. Ita wannan makaranta ta iyaye ce: su suke zaɓar malami, su suke biyan kuɗin Laraba, su kuma suke yin walimar sauka.

Makarantar boko kuwa ta hannun hukuma ta yaɗu. A 1955 gwamnatin Jihar Yamma ƙarƙashin Obafemi Awolowo ta soma ba da ilimin firamare kyauta, lokacin Agege tana cikin wannan jiha. Shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 da ajujuwan da Gwamna Lateef Jakande ya gina tsakanin 1979 da 1983 sun ƙara buɗe ƙofa. Sai dai Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta ba da zaɓin koyarwa da harshen uwa ko na al'ummar wurin, wanda a Agege Yarabanci ne. Uban da ba ya jin harshen aji da wuya ya bi sawun karatun ɗansa.

Saboda haka ya kamata masu tsara manhaja su tanadi tafinta a taron iyaye da malamai, su ba malaman allo da fadar Sarkin Hausawa gurbi a kwamitocin makarantu, su kuma samar da littattafan Hausa da yaro zai karanta wa iyayensa a gida.