Lambun Gida da Farashin Gidaje a Ingila: Nazari kan Kasuwar 2020 zuwa 2021

Tsakure

Maƙalar ta duba iƙirarin dillalai cewa lambu yana ɗaga farashin gida. Matsayinta shi ne buƙatar lambu ta ƙaru a zamanin kullen korona, amma kaso mai yawa na kuɗin da ake jingina wa lambu na filin ne.

Ra'in Bincike

An ɗora nazarin kan ra'in da Sherwin Rosen ya shimfiɗa a 1974, wanda ke kallon farashin kaya a matsayin jimillar farashin siffofinsa. Gida ya ƙunshi ɗakuna da unguwa da kusanci ga tashar jirgin ƙasa da fili. Ba a sayar da lambu shi kaɗai, don haka sai an kwatanta gidaje masu kama da juna kafin a gane rabonsa a cikin kuɗin.

Tattaunawa

An sanar da dokar kulle ranar 23 ga Maris, 2020. A watan Mayu Hukumar Ƙididdiga ta Birtaniya ta bayyana cewa gida ɗaya cikin takwas ba shi da lambu, na kansa ko na tarayya, kuma a Landan adadin ya kai kashi 21 cikin ɗari. Da kasuwa ta sake buɗewa, masu saye suka karkata ga gidaje masu fili a bayan gari, farashinsu ya riƙa tashi fiye da na fulat.

Sai dai wannan tazara ba ta isa hujja ba, domin a watannin nan abubuwa sun cakuɗe. Babban Bankin Ingila ya rage kuɗin ruwa zuwa kashi 0.1 cikin ɗari a Maris. Ranar 8 ga Yuli gwamnati ta ɗage harajin sayen gida a kan fam 500,000 na farko, rangwamen da ya fi amfanar masu sayen manyan gidaje, waɗanda dama su ne masu lambu. Fulat kuma yana fama da nasa ciwon: tun bayan gobarar benen Grenfell ta 2017 bankuna suke ɗari-ɗari da ba da rance a kan benaye masu rufin bango mai saurin kamawa da wuta. Mai binciken da ya tattara duk wannan ya ce aikin lambu ne ya yi gaggawa.

Ga kuma batun mallaka, wanda dillalai ba su cika tayarwa ba. Gida mai lambu galibi ana sayensa ne har da ƙasar, fulat kuwa mallakarsa ta wa'adi ce. Mai lambu yana iya ƙara ɗaki a baya, wani lokaci ma ya yanka fuloti ya sayar. Yawaitar gine-gine a cikin lambuna ce ta sa a Yunin 2010 gwamnati ta cire su daga jerin filayen da ake ɗauka an riga an yi gini a kansu. Don haka ya kamata bincike na gaba ya kwatanta fulat na ƙasa mai lambu da maƙwabcinsa marar lambu a bene guda, inda nau'in mallaka da unguwa da rufin bango duk ɗaya ne.