Friedrich Hecker da Tawayen Baden na 1848

Abin da wannan takarda za ta duba shi ne dalilin da ya sa lauya, mutumin da abincinsa ke cikin bin doka, ya ajiye littattafan shari'a ya ɗauki bindiga, da kuma inda lissafinsa ya kuskure.

An haifi Friedrich Hecker a Eichtersheim ta ƙasar Baden a shekarar 1811. A wancan zamani Jamus tarin ƙasashe ce talatin da 'yan kai, kusan kowace da sarkinta. Ya karanta shari'a a Heidelberg, ya kama aikin lauya a Mannheim, aka zaɓe shi majalisar wakilan Baden a 1842. Nan ya yi suna wajen iya magana da zafin kai. A 1845 hukumomin Firusiya suka kore shi daga Berlin, korar kuwa sai ta ƙara masa farin jini. A watan Satumba na 1847, shi da abokinsa Gustav Struve suka jagoranci taron Offenburg, inda aka gabatar da buƙatu 13, cikinsu har da 'yancin 'yan jarida, da shari'a a gaban masu taya alƙali, da haraji gwargwadon samun mutum, da gyara tsakanin ma'aikata da masu jari. Ya kamata mu lura cewa har zuwa nan Hecker bai fita daga da'irar doka ba.

Da guguwar juyin mulki ta taso daga Faransa a Fabrairun 1848, wakilai suka hallara a Frankfurt a ƙarshen Maris don share fagen majalisar ƙasa. Hecker ya nemi taron ya ci gaba da zama, kada ya watse sarakuna su sami sararin numfasawa. Masu sassaucin ra'ayi suka ƙi, ya fice da mutanensa, aka kuma hana shi kujera a kwamitin mutum hamsin da aka kafa. Ana cikin haka aka kama abokin tafiyarsa Joseph Fickler a Karlsruhe. Daga nan ya yanke ƙauna.

Ran 13 ga Afrilu ya tashi daga Konstanz da niyyar kafa jamhuriya. Ya zaci dubbai za su biyo shi, amma waɗanda suka fito ba su wuce hamsin da 'yan kai ba. A hanya, cikin ruwan sama da ƙanƙara, suka ƙaru zuwa wajen dubu, wasunsu lauje kawai ke hannunsu. Ran 20 ga wata suka yi karo da sojojin gwamnati kusa da Kandern. Janar Friedrich von Gagern ya rasa ransa tun farkon faɗan, duk da haka aka tarwatsa 'yan tawayen, Hecker ya tsere Suwizalan. A ganina, kuskurensa shi ne ɗaukar tafin da ake yi masa a wurin taro a matsayin alkawarin fita yaƙi. Manomin da ya yi masa kirari a Offenburg yana da gona da iyali, ga shi kuma an yi masa alkawarin zaɓe nan da 'yan makonni. Me zai kai shi gaban igwa? Haka nan ya yi tsammanin sojoji za su juya wa sarki baya, ba su kuwa juya ba sai a 1849, lokacin da shi yana Amurka. Ya garzayo, amma kafin ya wuce Strasbourg sojojin Firusiya sun murƙushe tawayen.

Ya koma gonarsa a jihar Illinois, ya shiga jam'iyyar Republican saboda ƙin bauta, ya yi wa Lincoln yaƙin neman zaɓe. A yaƙin basasar Amurka ya riƙe muƙamin kanar, aka yi masa mummunan rauni a Chancellorsville a 1863. Da ya ziyarci Jamus a 1873 ya tarar an haɗe ta a ƙarƙashin sarki da Bismarck, ya yaba haɗin kan, ya soki rashin 'yanci, ya koma Illinois, inda ya rasu a Maris na 1881.