Rita da mai karatu guda ɗaya

Yau ana auna mai binciken kimiyya da yawan takardun da ya wallafa, da kuma sau nawa wasu masana suka ambace su. Duk sa'ad da nake sa wa ɗalibaina maki, sai in tuna da Rita Levi-Montalcini.

A 1938 gwamnatin Musolini ta hana Yahudawa aiki a jami'o'in Italiya. Rita ta mai da ɗakin kwananta a Turin wurin bincike, tana duba yadda jijiyoyin saƙo ke tsirowa a jikin ɗan tsako tun yana cikin ƙwai. Sakamakon ya fito a wata mujallar Beljiyam ana tsakiyar yaƙi, hankalin duniya na wani wuri. Amma Viktor Hamburger ya karanta shi a Amurka, ya gayyace ta a 1946. Ta je don ƴan watanni, ta shekara 30. Can ita da Stanley Cohen suka ware NGF, sinadarin da ke sa waɗannan jijiyoyi girma, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 1986. Dubban takardu ke ambatonsa yanzu.

Da ambato aka ƙirga a 1946, da an tsallake Rita. Malamai da iyaye, mu riƙa karanta aikin yaro kafin mu dubi makinsa.