Yadda ake zaɓen kayan haɗa kwamfuta mai sauƙin kuɗi domin wasanni da zane

Wasannin kwamfuta na zamani da ayyukan zane, kamar tsara hotuna da tace bidiyo, na daga cikin abubuwan da suka fi wahalar da na'ura mai ƙwaƙwalwa. Wannan ne ya sa masu ƙaramin ƙarfi da dama kan gwammace su sayi kayan ɗaya bayan ɗaya, su haɗa kwamfutar tebur da kansu ko su kai wa mai gyara ya haɗa musu.

Amfanin yin haka shi ne kuɗin mutum zai tafi inda aikinsa ya fi bukata, kuma zai iya sauya wani ɓangare nan gaba ba tare da ya zubar da sauran ba. Sai dai kuma akwai haɗarin sayen kayan da ba su dace da juna ba, ko kashe kuɗi a kan ɓangare guda a bar sauran da rauni.

Katin hoto

Katin hoto shi ne ke zana duk abin da ake gani a cikin wasa, don haka galibi shi ke cin kaso mafi tsoka na kuɗin. Kamfanonin Nvidia da AMD da Intel ne ke ƙera ƙwaƙwalwar waɗannan katuna.

Abin da ya kamata a duba, baya ga saurin katin, shi ne yawan ma'ajiyar da ke jikinsa. Alal misali, Radeon RX 6600 na AMD da ya fito a 2021 yana da gigabait 8, haka ma GeForce RTX 4060 na 2023. Shi kuwa RTX 3060 na asali, wanda ya fito a 2021, yana da gigabait 12, kamar Arc B580 da Intel ya fitar a ƙarshen 2024. Gigabait 8 kan wadatar a yawancin wasanni bisa matsakaicin allo, amma wasu sababbin wasanni da manyan ayyukan zane kan bukaci fiye da haka.

Irin aikin mutum ma na da tasiri. Manhajar Blender, wadda ake zanen siffofi masu motsi da ita, ta fi sauri da katunan Nvidia a mafi yawan lokuta. Mai aiki da Photoshop ko CorelDRAW kuwa ya fi dogara ga furosesa da RAM, saboda haka matsakaicin kati ya ishe shi.

Furosesa da madabod

Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar na'urar, kuma tana zama ne a kan babban faifan da ke haɗa dukkan sassa, wato madabod. A nan ne sababbin shiga suka fi yin asara, domin kowace furosesa da irin gurbin da take shiga.

Ryzen 5 5600 ta AMD, wadda ta fito a 2022, tana shiga gurbin AM4 ne, tare da RAM samfurin DDR4. Sababbin Ryzen na gurbin AM5 ba sa karɓar komai sai DDR5. Ita kuwa Core i5-12400F ta Intel tana shiga gurbin LGA1700, kuma madabod ɗin da aka saya ne zai nuna ko DDR4 za a sa ko DDR5. Duka biyun suna da cibiyoyin aiki shida, adadin da ya isa wasanni da zane a matakin farko.

Harafin F a ƙarshen sunan furosesar Intel na nufin ba ta iya nuna hoto sai an sa mata kati. Akasin haka, Ryzen 5 5600G na iya nuna hoto da kanta, abin da ke ba mai ƙarancin kuɗi damar fara aiki kafin ya tara kuɗin kati.

RAM da ma'ajiyar bayanai

RAM ita ce wurin da kwamfuta ke ajiye abin da take aiki a kai a daidai wannan lokacin. Gigabait 16 ne mafi ƙarancin da ya dace da irin wannan na'ura, mai tace bidiyo kuwa zai fi jin daɗin 32. Sanda biyu masu gigabait 8 kowace sun fi sanda ɗaya mai 16 sauri, domin na'urar na amfani da su a lokaci guda.

A ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi a kasuwannin duniya, sakamakon yawan bukatar kamfanonin da ke gina cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira. Don haka yana da kyau a zaɓi madabod mai gurbi huɗu, ta yadda za a ƙara daga baya.

Dangane da ajiye bayanai kuwa, tsohon faifai mai juyawa ba ya wuce megabait 200 a daƙiƙa in ban da kaɗan. SSD na SATA kan kai kusan 550, yayin da na NVMe kan kai 3,500 ko fiye. Mai gigabait 500 ya isa farawa, amma akwai wasannin da guda ɗaya kan cinye sama da gigabait 100.

Wuta, zafi da ƙura

Akwatin da ke raba wa sassan wuta shi ne aka fi yi wa rowa, alhali Hausawa na cewa araha ba ta ado. Idan marar inganci ya ƙone, yana iya tafiya da madabod da katin hoto. Mai ƙarfin wat 550 zuwa 650 daga sanannen kamfani ya isa kayan da aka ambata a sama. Tambarin 80 Plus da ke jikin wasu na nuna ba sa ɓarnar wuta da yawa, amma shi kaɗai ba ya tabbatar da inganci.

A Najeriya da Nijar, inda wutar lantarki kan ɗauke ba zato ko ta zo da ƙarfin da ya wuce kima, wajibi ne a sa kuɗin na'urar UPS cikin lissafi tun daga farko. Haka kuma zafin bazara da ƙurar hunturu na bukatar akwati mai shigar iska da fanka biyu ko uku, tare da share ƙura a kai a kai.

Ga mai zane, allon kallo samfurin IPS ya fi nuna launi yadda yake, ko da an dube shi ta gefe.

Kayan hannu

Da yawa daga cikin kayan da ake samu a kasuwanni irin su Computer Village da ke Ikeja a Legas na hannu ne. Furosesa da RAM ba su cika lalacewa ba, don haka ana iya sayen na hannu. Katin hoto kuwa sai an yi hattara: bayan da Ethereum ta daina amfani da haƙar kuɗin intanet a watan Satumban 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana sun cika kasuwa. Ya kamata a gwada kati da wasa mai nauyi a gaban mai sayarwa, a lura da zafinsa da ƙarar fankarsa. Akwatin wuta da SSD kuwa gara sababbi.

Bugu da ƙari, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 ba ta amince da furosesar Intel da ta girmi zubi na takwas ba, ko Ryzen ta zubin farko. Mai sayen tsohuwar na'ura saboda araharta ya kamata ya duba wannan kafin ya biya kuɗi.