Tarihin Ƙaramin Kundin da Ke Riƙe da Manyan Rumbunan Bayanai

Masana kwamfuta sun kasa abin da ake ajiyewa gida biyu. Akwai bayanai su kansu, kamar sunan mai saye, da ranar ciniki, da kuɗin da aka biya. Sannan akwai bayanin bayanai, wato abin da ke siffanta na farkon: sunan jadawali, da yawan ginshiƙansa, da irin abin da kowane ginshiƙi ke ɗauke da shi, ko lamba ko rubutu ko kwanan wata, da kuma wurin da fayil yake. Matsayinsa tamkar na kundin rajista ne a ɗakin karatu. In kundin ya salwanta, littattafai suna nan a kan kanta, amma mai nema ba zai san inda zai miƙa hannu ba.

Tushen labarin yana komawa shekarar 1970, lokacin da Edgar Codd, wani masanin lissafi haifaffen Ingila da ke aiki a ɗakin binciken kamfanin IBM a San Jose ta jihar Kalifoniya, ya wallafa maƙalarsa a kan tsarin rumbun bayanai mai alaƙa. Shawararsa ita ce a zuba bayanai cikin jadawalai masu layuka da ginshiƙai, a kuma danganta jadawali da ɗan'uwansa ta hanyar ginshiƙin da suka yi tarayya a kai. Daga wannan tunani Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka fito da harshen tambaya a 1974, wanda daga baya aka san shi da SQL. A 1985 Codd ya jera ƙa'idojin da rumbu zai cika kafin a kira shi mai alaƙa. Ta huɗu daga cikinsu ta ce a ajiye bayanin bayanai shi ma cikin jadawalai, a riƙa tambayarsa da harshe ɗaya da sauran bayanai.

Da intanet ta bunƙasa, sai bayanai suka fi ƙarfin na'ura guda. Google ya bayyana tsarin ajiyar fayilolinsa a 2003, da hanyarsa ta rarraba aiki ga kwamfutoci masu yawa, mai suna MapReduce, a 2004. Doug Cutting da Mike Cafarella suka kwaikwayi waɗannan dabaru, aikin ya zama Hadoop a 2006. Tsarin ajiyar Hadoop yakan yanka fayil gunduwa-gunduwa, ya ajiye kwafi uku na kowane gunduwa a na'urori daban-daban. An gina shi ne don a rubuta fayil sau ɗaya, a yi ta karanta shi daga farko har ƙarshe. Bai san jadawali ba, bai san ginshiƙi ba.

A kamfanin Facebook ne matsalar ta fito fili. Injiniyoyinsa sun ba da rahoton cewa bayanansu sun tashi daga terabayit 15 a 2007 zuwa terabayit 700 cikin ƴan shekaru, kuma rumbun kasuwancin da suke amfani da shi ya kai ga wani aikin da ya kamata a gama kullum yana cin fiye da kwana guda. Suka koma Hadoop, amma rubuta shirin MapReduce don amsa ƙaramar tambaya ya zame wa masu nazari wahala. Saboda haka Joydeep Sen Sarma da Ashish Thusoo da abokan aikinsu suka gina Hive, wadda ke karɓar tambaya mai kama da SQL ta mayar da ita aikin MapReduce. An sake ta ga kowa kyauta a 2008.

Sai dai kafin Hive ta fassara tambaya, dole ta san wane fayil ne jadawali kaza, kuma yaya za a karanta shi. Ina za a ajiye wannan sani? Maginanta suka ƙi zuba shi cikin Hadoop, suka kai shi rumbu mai alaƙa irin na da, suka kira wannan sashe Metastore. Dalilinsu a bayyane yake. Bayanin bayanai ɗan kaɗan ne, amma ana taɓa shi a kai a kai, ana ɗauko layi ɗaya, ana gyara wani, kuma ana son amsa nan take. Tsarin da aka gina don karanta dogon fayil bai dace da irin wannan tsince-tsince ba. Haka nan rumbu mai alaƙa yana lamunce cewa gyara ko dai ya kammala gaba ɗaya ko kuwa bai auku ba sam, ko da mutum biyu sun kai hannu a lokaci guda.

Amfanin ya fi bayyana a kasa jadawali. Idan an raba bayanan ciniki kwana-kwana, kowace rana da jakarta, kundin yana riƙe da adireshin kowace jaka. Mai tambayar cinikin rana ɗaya, sai a duba kundin, a buɗe jaka ɗaya, a ƙyale sauran. Don gwaji, Hive kan zo da ƙaramin rumbu mai suna Derby, wanda mutum ɗaya kaɗai ke iya shigarsa a lokaci guda. A wurin aiki na sosai kuwa akan sa MySQL ko PostgreSQL.

Kundin ya fi injin da aka gina shi dominsa tsawon rai. Impala ta kamfanin Cloudera, da Presto wadda Facebook ya saki a 2013, da Spark, duk sun fi MapReduce sauri, kuma duk sun jingina da Metastore don gane jadawalai. Da yawa sun daina tambaya ta Hive, amma suka bar kundinta yana aiki.

Rauninsa ma ya bayyana daga baya. Kundin ya san jakunkuna, bai san fayilolin da ke cikinsu ba, sai an bi an lissafa su, abin da ke cin lokaci a ma'ajiyar S3 ta Amazon. Kuma da kashe-kashen jadawalai suka yi yawa, rumbu guda ɗin ya zama ƙofar da kowa ke cunkoso a bakinta. A kamfanin Netflix, Ryan Blue da Dan Weeks suka ƙirƙiro Iceberg, aka miƙa ta ga gidauniyar Apache a 2018. Iceberg ta kwashe jerin fayiloli ta ajiye shi kusa da bayanan. Duk da haka ta bar wa kundi aiki guda: riƙe adireshin sabon jeri, da musanya shi da na baya a ɗauki ɗaya ba tare da ruɗani ba. A wurare da dama, har yau rumbu mai alaƙa ne ke riƙe da wannan layi guda.